Dubulan Ɗaya da Malam Garba Ya Ci

Ran Larabar da ta wuce 'yan mata uku suka yi mini sallama, ƙawayen jikata Nafisa, kowacce da waya a hannu, wai sun zo koyon dubulan. Mai surutun cikinsu ta ce, "Inna Asabe, ai mun riga mun kalla a waya, minti huɗu ne kacal. Fulawa, ƙwai, mai, sukari. Naɗin kawai za ki nuna mana."

Na ce, "Madalla. To idan aka ba ki suyar gara, aka ce dangin ango ɗaki bakwai ne, guda nawa za ki soya?"

Ta ce, "Da yawa."

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku, da ɗan bokon da na tsinta na aji uku a nan Jambutu, ku san suya ita ce mai sauƙin. Wahalar tana wurin rabo.

A nan Garwa ta Kamaru, a gidajen 'yan kasuwa irin waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Kano da Katsina, mai suyar gara ba ta gama aikinta a bakin kasko. Ranar da iyayen amarya za su kai gara, sai ta bi kwallayenta har gidan ango, ta zauna a tsakar gida, ta raba wa dangin ango da hannunta, ɗaki-ɗaki, don ita ba 'yar kowa ba ce a cikinsu. Kowane ɗaki na da gwaggo guda zaune a bayan faifanta, tana kallon yatsunki. Ba a karya dubulan, don an ce karya zumunci ne. Mai rabo ba ta kai hannu baki. Kuma ba a barin saura, ba a gaza wa kowa. Ɗaya tak ya rage, kin shiga uku, domin duk wadda kika miƙa wa, kin ce ɗakinta ya fi sauran ke nan.

Wurin Goggo Dudu na koya, Bafulatana ce, Allah ya jiƙanta. Shekarata ta farko ban taɓa fulawa ba. Hura wuta nake yi, in wanke kasko da matsami, sannan ta zube mini 'ya'yan tsamiya a tabarma ta ce, "Raba wa biyar." In raba. "Mayar. Raba wa shida." In na ce ai ba ya rabuwa, sai ta ce, "Da kin sani tun kafin ki taɓa, da kin zama mutum." Ƙotar matsaminta ta san bayan hannuna sarai.

Ita ta nuna mini cewa lambobi halin mutane gare su. Akwai mai dangi, kamar sittin: biyu nasa ne, uku nasa ne, huɗu, biyar, shida, goma, sha biyu, duk wanda ya zo zai sallame shi da fara'a. Akwai tuzuru, kamar casa'in da bakwai: ba mata, ba ɗa, ba ya rabuwa ga kowa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko a tara mutum casa'in da bakwai. Sai munafuki, kamar casa'in da ɗaya. Yana yawo a gari da fuskar tuzuru, biyu ba ta san shi ba, uku ba ta san shi ba, biyar ba ta san shi ba, ashe yana da iyali a ɓoye, bakwai da sha uku. Goggo Dudu ta ce irinsu sun fi yawa, a cikin lambobi da cikin maza.

Faifan ƙirga ɗaya sittin yake ɗauka. Faifai shida kwalla guda ke nan, ɗari uku da sittin, kuma wannan ya ishi ƙaramin biki. Mai dangi ne na gaske, har takwas da tara sun san shi. Bakwai ce kawai ba sa ga-maciji. Don haka in babban gida ne, wanda ba ki san ɗaki nawa za ki tarar ba, sai ki cika kwalla bakwai: dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Goggo Dudu Uwar Dangi take kiran wannan lamba. Daga ɗaki biyu har ɗaki goma babu wanda ba ta sallama. In bakwai ne, kowa kwalla guda. In takwas ne, ɗari uku da sha biyar. In tara ne, ɗari biyu da tamanin. In goma ne, ɗari biyu da hamsin da biyu. Na tambaye ta, "Goggo, in sha ɗaya ne fa?" Ta ce, "In sha ɗaya ne ki ce cikinki na ciwo."

To bari in ba ku labarin shekarar da hanyar Najeriya ta toshe, fulawa da mai suka yi wuya. Goggo Dudu ba ta daɗe da rasuwa ba, kaskonta ya dawo hannuna, mutane kuwa ba su gama yarda cewa hannun ma ya dawo ba. Masu biki suka koma sayen biskit na kwali a Babbar Kasuwa. Wata huɗu kaskon nan yana kife a bayan ɗaki, har kaza ta yi ƙwai a gindinsa.

Ana nan sai ga Hajiya Turai daga unguwar Rumde Ajiya, za ta aurar da 'yarta. Ta zauna, ta sha ruwa, ta ce, "Asabe, zan gaya miki gaskiya. Gidan da yarinyar nan za ta shiga, mutanen kirki ne ɗaya-ɗaya, amma in sun taru sai addu'a. Kin ji labarin Hanne ta Figil?"

Na ce ban ji ba.

Ta ce, "Gwaggon angon ce. Shekara shida ke nan aka yi wani biki a gidan, mai rabo ta gama, ɗaya ya rage, ta jefa a faifan ɗakin Dada, babbarsu. Hanne ta tashi ta kaɗe zane, ta ce tunda an nuna mata matsayinta, ita da gidan ubanta sai a lahira. Ko suna ba ta zuwa, ko ta'aziyya sai dai ta aiko. Mai rabon kuwa, kin san inda take yanzu?"

"Ina?"

"Tana sayar da kunu a tashar mota. Babu gidan da ya sake kiranta. Yanzu ɗaki goma ne, wani lokaci tara in biyu sun shirya sun haɗe, wani lokaci takwas. Ki raba lafiya, bukukuwan Rumde Ajiya duka naki ne. In an samu kuskure, ni ban san ki ba."

Na ce, "Hajiya, ko takwas, ko tara, ko goma, ki kwantar da hankalinki." Ni da na san Uwar Dangi na nan.

Kwana takwas muna suya, ni da maƙwabtana mata biyu, cikin zafin Garwa na gabanin damina, wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Kwaɓin dubulan ba ya son ruwa da yawa, kuma ba ya son mai fushi, sai ya yi tauri. Ki murza shi ya yi siriri, ki yanka, ki naɗa a yatsa, ki manne bakin don kada ya buɗe a cikin mai. Wuta kada ta yi ƙarfi, in ba haka ba waje ya yi ja ciki ɗanye. Ruwan sukarin kuma da lemon tsami, ki ɗiga tsakanin yatsu biyu, in ya ja zare ya yi. Duk faifan da ya cika sittin sai in jefa ɗan tsamiya guda a gwangwani. Rana ta takwas na zazzage gwangwanin, arba'in da biyu cif. Na sake ƙirga kowace kwalla da kaina, na rufe, na ɗaure da tsumma.

Yanzu sai in gabatar muku da Malam Garba, maigidana. Tela ne, mutum mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Aibinsa ɗaya, baki mai son zaƙi, ga shi likita ya ce yana da ciwon suga, ya hana shi. Kwana takwas ɗin nan yana ta kewaya tsakar gida kamar kyanwa ta ji ƙamshin kifin Binuwai. Yau ya zo neman almakashi, gobe ya zo duba ko kaza ta sha ruwa. Kullum in ce, "Malam, almakashinka na wuyanka a rataye."

Ranar kai gara, bayan azahar, aka kawo mota mai buɗaɗɗen baya. Ni na shiga gaba, Malam ya ce shi zai hau baya ya riƙe kwallaye saboda ramukan hanya. Har na sa masa albarka.

Muka isa. Matan gidan ango suka fito da guɗa, suka ɗauke kwallaye bakwai a ka, suka shige ciki. Na juyo in ce wa Malam ya koma gida, sai na ga wani abu yana ƙyalli a gemunsa, ƙuda biyu suna rakiya.

Na ce, "Malam."

Ya ce, "Na'am."

"Mene ne a gemunka?"

Ya shafa, ya duba yatsansa, ya kai baki. Wallahi sai da ya lashe.

Na ce, "Nawa?"

"Asabe, ramin wajen gadar nan ne, murfin ya ɗan goce..."

"Malam, nawa?"

"Ɗaya tak. Na rantse da abin da zai kashe ni. Cikin dubu biyu da wani abu, wa zai gane ɗaya?"

Na ce, "Ɗaya! Da goma ka ci da na gode maka! Ɗaki goma ne, da kowa ya rasa guda, shi ke nan!"

Bawan Allah ya gyara hula, ya ce da zuciya ɗaya, "To ai abu mai sauƙi ne. A fito da kwallar in ci taran."

Kwallar da ta shiga tsakar gidan mata, ido ashirin a kanta, wa zai fito da ita? Shi kuma namiji ba ya shiga. Na bar shi nan tsaye, na shiga da bisimilla.

Ga su nan a jere bisa tabarmi, gwaggwanni goma, faifai goma. Dada a tsakiya, tsohuwa mai tabarau, carbi a hannu, amma ba carbin take kallo ba. Hajiya Turai na gefe tana yi mini murmushi. Ni kuwa a cikin kaina ina ta juya abin da ke cikin kwallaye: dubu biyu da ɗari biyar da sha tara. Na kai shi wurin goma, aka ce saura ɗaya ya cika. Na ce ko biyu za su haɗe su zama tara? Na kai shi wurin tara, saura ɗaya. Takwas, saura ɗaya. Bakwai ma haka. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, dubulan ɗin Malam ake tambayata. Na ce yau na ɗauko tuzuru a mota na kawo gidan mutane.

Sai na shiga jan lokaci, ko Allah zai kawo dabara. Na gai da su ɗaya bayan ɗaya. "Jam na, Dada? Ya ƙafa? Ya jikoki? Ya wanda ke Marwa?" Na gai da mai ciwon baya, na ba ta magani iri uku. Na nemi ruwa na wanke hannu, na ce sabulun bai fita ba, na sake. Na ce a yi wa amarya da ango addu'a, na ja ta har na kai kan kakanninsu da ban taɓa gani ba.

Dada ta ce, "'Yar nan, mun ce amin ta ishe mu har baɗi. Buɗe kwalla."

Na buɗe. Ashirin-ashirin nake zubawa, faifai bayan faifai, in kewayo in sake. Tunani iri-iri ya zo mini. Na ce ko in yi tuntuɓe in zubar da tara a ƙasa? Ƙasar a share take, an shimfiɗa tabarma sabuwa, za a tsince a hure. Na ce ko in tura tara a hannun riga? Ta kusa da ni, wata siririya mai haƙorin makka, ko ƙiftawa ba ta yi. Na tuna maganar Goggo Dudu ta ciwon ciki, amma ciwon ciki ba ya hana a jira ki. Har na fara hango kaina a tasha da bokitin kunu, ina tunanin ko na gyaɗa zan yi ko na tsamiya.

Ina kewaye na biyar sai muka ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida, da muryar mace tana faɗa da direba. Labule ya ɗaga. Wata doguwar tsohuwa ta shigo, zanenta fari fat da ƙurar siminti, har girarta, da faifanta a hammata. Motar siminti ta hau tun daga Figil.

Wata ta ce a hankali, "Hanne."

Ba ta yi wa kowa murmushi ba. Ta ce, "Salamu alaikum. An ce ɗan ƙanena ya yi aure. Na ce bari in zo in ga ko har yanzu ana ƙirga ni a gidan ubana." Ta ture faifan mai haƙorin makka, ta dasa nata.

Dada ta daɗe tana kallonta ta saman tabarau. Sannan ta ce, "Wa ya hana ki? Ke kika hana kanki. Zauna. 'Yar nan, mayar da komai cikin kwalla. Ɗaki sha ɗaya ne."

Sha ɗaya! Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na dubi Hajiya Turai, ta sunkuyar da kai tana gyaran ɗankwali, ta riga ta fara rashin sanina. Abin mamaki, sai na ji hankalina ya ɗan kwanta. Na ce ko Malam bai taɓa ba, Uwar Dangi ba ta san sha ɗaya ba, yau dama ranar kununa ce. Ban ma tsaya gwada lissafin ba. Wanda ruwa ya ci ba ya tambayar zurfi.

Hanne ta ce, "Ke ce mai rabon? To ki buɗe ido. Waccan ta bar ɗaya."

Na ce, "Allah ya kiyaye, Gwaggo."

Na sake farawa, ashirin-ashirin. Kewaye ɗaya, biyu, uku. Kwalla ta farko ta ƙare, ta biyu ta ƙare. Hanne na ƙirgawa da ƙarfi, da Fulatanci, don kowa ya ji. Na yi kewaye goma, na yi na sha ɗaya, kowane faifai ya tashi ɗari biyu da ashirin. Na leƙa gindin kwalla ta bakwai, abin da ya rage bai isa wani kewayen ba. Na juye shi a faifan ƙirga, na shiga ƙirgawa a gabansu.

Casa'in da bakwai. Casa'in da takwas. Casa'in da tara. Hannuna ya shafi faifai, babu sauran komai.

Casa'in da tara! Ai wannan tun ina gaban 'ya'yan tsamiya na san shi. Tara-tara ne sau sha ɗaya! Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Dada ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Murnar zumunci ce, Dada." Na bi faifai ina ajiye tara, tara, tara. Na ƙarshen ya sauka a faifan Hanne. Na ɗaga kwalla na kife, na buga gindinta. Ko ɓarɓashi.

Hanne ba ta yarda ba. Ta ƙirga nata, ɗari biyu da ashirin da tara. Ta ja na Dada ta ƙirga, ɗari biyu da ashirin da tara. Sai ta dube ni, ta ce, "Wa ya gaya miki zan zo?"

Na ce, "Babu kowa, Gwaggo."

Ta juya wurin Dada ta ce, "Ashe kun sa an soya da rabona. Shekara shida, ashe kuna ƙirga ni."

Dada, da ba ta san hawa ba balle sauka, ta gyara tabarau ta ce, "To da wa za mu ƙirga?" Suka rungume juna suna kuka, ƙurar siminti ta tashi har sai da aka rufe faifai. Hajiya Turai ta matso ta kama hannuna tana gaya wa kowa cewa tun ina yarinya ta san ni.

Na fito na tarar da Malam a gindin bishiya, ya yi zuru-zuru. Ya ce, "Asabe, in kunun ne, ni zan riƙa kai miki bokiti." Na ba shi labari. Ya shafa gemu, ya ce, "Dama jikina ya ba ni ɗaya ya yi yawa a kwallar nan."

Maƙwabcinmu Musye Daniyel, mutumin wajen Mokolo da ke koyar da lissafi a lise, wato sakandare, da ya ji sai ya ɗauko alli ya cika mini ƙofar ɗaki da rubutu. Ya ce abin da nake kira tuzuru, su *nombre premier* suke ce masa. Ya ce Uwar Dangi ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke rabuwa daga ɗaya har goma, kuma da ba a taɓa ta ba, in an raba wa sha ɗaya, guda ɗaya ne zai rage, irin wanda ya kori Hanne. Ya ce lambar da Malam ya bar mini, a duk duniya mutum biyu ta sani: sha ɗaya, sai kuma ɗari biyu da ashirin da tara. Na ce, "Musye, munafuki ke nan, mai iyali a Figil." Ya tambaye ni wace makaranta Goggo Dudu ta yi. Na nuna masa gwangwanin tsamiya.

Tun daga ranar kaskona bai sake kifewa ba. Kuma na ƙara doka guda a kan na Goggo Dudu: kwalla bakwai nake cikawa kamar kullum, amma kafin mota ta tashi sai na buga waya gidan ango. In aka ce goma ne ko ƙasa, Malam gaba yake zama, kusa da direba, hannunsa a kan gwiwa. In aka ce sha ɗaya ne, sai in buɗe kwalla in ce, "Malam, zo ka yi aikinka." Likita ma na gaya masa, ya ce guda ɗaya jefi-jefi ba zai kashe shi ba.

To 'yan mata, ranar Asabar ku zo, ku bar wayoyin a gida, na tanadi 'ya'yan tsamiya. In kun tarar Malam ba ya nan kada ku yi mamaki. Yanzu shi ne mai sulhun unguwa. Duk gidan da ya ji ɗakinsu goma ne, kuma akwai wata gwaggo da ta yi fushi ta tafi, sai ya sa babbar riga ya hau moto, wato babur, ko garin Pitowa take sai ya je ya ba ta haƙuri. Mutane na ta sa masa albarka, wai Allah ya ba shi son zumunci. Gidan da ɗakinsu tara ne kuwa, ko kashe juna suke yi, bai taɓa leƙawa ba.